Rasuwar Dakta Firdausi Falalu da Akwatin Gishirin da Ta Bari

Cikin alhini da kaɗuwar da har yanzu ba ta sake mu ba, Ƙungiyar Zumuntar 'Yan Gishiri da Kanwa ta Ogbete, Inugu, ta samu labarin rasuwar 'yarmu abar alfaharinmu, Dakta Firdausi, ɗiyar Uban Ƙungiya, Mai Girma Alhaji Falalu Mai Gishiri, wadda Allah Ya karɓi ranta jiya Alhamis a haɗarin mota tsakanin Anacha da Inugu, tana hanyar zuwa gida. Wallahi da aka bugo waya, akwai dattijon da ya rantse kuskure ne, don da safe ya ji muryarta. An yi jana'izarta bayan la'asar.

Marigayiyar, wadda ta tashi a rumfar mahaifinta, ta zama malamar jami'a mai binciken duwatsun da ke can ƙarƙashin ɓawon duniya, inda zafi da nauyi suka wuce misali. Ita ta fahimtar da mu cewa waɗannan duwatsu suna lanƙwasa, suna matsawa sannu a hankali, ba tare da sun narke ko sun fashe ba, saboda 'yan kurakuran da ke cikin jerin ƙwayoyinsu. Ta kwatanta mana da doguwar dardumar masallaci: mutum ɗaya ba ya iya janta, amma idan ya tada ɗan tudu a gefe ya yi ta tura shi har ƙarshe, sai darduma ta matsa. Mun yi mata dariya a lokacin, kuma mahaifinta ya fi kowa.

Bara, da gardama ta yi tsanani tsakaninsu, ta zaɓi kantun gishiri daga rumfarsa, don a cewarta gishiri ma dutse ne mai irin wannan hali, ta ɗora masa nauyi, ta kulle a akwati, ta hana kowa taɓawa sai ta dawo. Alhaji kuwa ya yi alƙawari a gaban dattawa cewa idan gishirin ya lanƙwasa bai karye ba, zai saki ƙanwarta Ma'u daga tsaron rumfa ta tafi jami'a. Gobe Asabar ce ranar buɗewa. Rumfunan da muka kafa da kujerun da muka jera domin tarbarta, a cikinsu ake zaman makoki yanzu.

A madadin Shugaba, Alhaji Sagiru Yahya, da majalisar dattawa da 'yan'uwanmu na Anacha da Fatakwal, muna miƙa ta'aziyya ga Alhaji Falalu da mahaifiyarta, Hajiya Haulatu, da dukkan dangi. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyayenta juriyar wannan rashi mai nauyi.

Ga masu tambayar akwatin, Alhaji ya umarce mu da mu sanar cewa ba za a buɗe shi ba, domin mai buɗewar ta tafi. Ya kuma ce a shaida wa jama'a, ko gishirin ya lanƙwasa ko bai lanƙwasa ba, Ma'u za ta tafi makaranta.

Sa hannu:
Alhaji Lawal Ɗan'auta
Kakakin Ƙungiya