Homar Baba da Wayar Hadiza

Daren Laraba, Birnin Kebbi

Yau na ƙwace wayar 'yata Hadiza. Na same ta tana ba manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira aikin makaranta. Na ce, "A gidana ba a cin gumin wani, ko na na'ura ne."

Ta ce, "Inna, Malamar tarihi ce ta sa mu. Mu tambayi manhajar yadda ake su a bikin Argungu, mu tambayi dattijo, mu kawo inda suka saɓa."

Na ce ta karanta mini amsar da manhajar ta ba ta. Zance tsaf, wai da ƙugiya ake kamun ranar biki. Babana kuwa, Allah ya jiƙansa, da gora da homa, ragar nan ta hannu, ya riƙa shiga ruwan har ya tsufa. Na sa ta tambayi abin daga wa ya ji. Ya ba da haƙuri, ya sauya amsarsa ba ko kunya.

Na mayar mata da wayar. Na ce maƙaryaci mai ladabi shi ne abin tsoro, ta rubuta wannan ma.

Ta ce, "To Inna, ke ce dattijuwar tawa."

Kalmar ba ta yi mini daɗi ba, amma na zauna ina ba ta labarin Baba har aka kira isha.