Irin Achar Kaka Ya Kusa Ƙarewa A Hannuna

Salama gare ku 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni, ko a sujada hankalina ba ya wuri ɗaya.

Ni malama ce a wata kwaleji nan Kafanchan, ina digiri na biyu. Aikina shi ne fitar da ribosom daga tsiron acha, wato wasu ƙananan abubuwa ne a cikin shuka waɗanda ke haɗa furotin, ido ba ya ganinsu. Za ka jiƙa iri ya tsiro cikin duhu, ka yanke tsiron, ka daskarar, ka niƙa a ɗan turmi mai sanyi, ka tace, sai a zuba kan ruwan sukari mai kauri a juya a babban inji har su kwanta a ƙasa kamar ɗan tabo. Sharaɗin ɗaya ne, kada ya ji ɗumi ko kaɗan, in ya ji shi ke nan an yi asara.

Supafaizana, malamin da ke duba binciken nawa, ya ce achar kasuwa kowa ya yi ta, in nemo tsohon iri. Ni kuma da bakina mai rawa na ce ai muna da shi. A ƙauyenmu wajen Zonkwa, Mama na da jar acha da ta gada wurin Kaka, a tulu take ajiye irin da toka, a liƙe bakin da laka. A gidanmu uwa ce ke ɗiba wa 'yarta ranar aure, ba mai taɓa tulun sai da izininta. Da na roƙa, murna ta yi, ta ce achar Kaka ma za ta shiga makaranta, in ɗebi tafin hannu.

Gwaji na farko, wuta ta ɗauke ƙarshen mako, firiza ta narke, duka ya lalace. Na koma na ƙara ɗiba ban faɗa ba, kunya nake ji. Na biyu na niƙa lafiya, na sa a cikin kula mai ƙanƙara zan kai jami'ar da ke da injin, mota ta mutu mana bayan Gidan Waya, ina zaune bakin titi ina jin ƙanƙara na zama ruwa a cinyata. Na uku na kwashe abin da ya rage, na cika tulun da acha mai ƙaiƙayi ta kasuwa, na liƙe yadda na same shi. Idon Mama ya yi rauni, na san ba za ta gane ba sai gona ta nuna, kuma wannan sanin ne ya fi ci mini rai.

Yanzu cikin kofi ɗaya ya rage a lab. An ba ni rana a injin makon gobe, supafaiza ya ce in na rasa wannan sai baɗi, kuma in na raba irin biyu ba zai isa ba. Na tambayi tsofaffin matan ƙauye a fakaice, duk sun bar jar acha tuntuni. Mijina ya ce iri ai iri ne, in gama karatuna. Mun yi cacar baki sosai, don shi ba a gidanmu aka haife shi ba.

Jiya Mama ta kira, ruwa ya sauka, ta sa an gyara fili. Ta ce bana da yawa za ta watsa don ƙanwata za ta yi aure, dole ta tafi da nata. Sai ta ce, "Kin ga abin da kike nema a ciki, ko in ƙara miki? Akwai a tulu."

Na ce mata layi ba kyau, na kashe wayar.

'Yan uwa, in niƙa ko in mayar? In kuwa zan mayar, da wane baki zan ce wa Mama ta zubar da abin da ke cikin tulunta?