Ɓangaren D na Kwamfutar Malama

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Ya maigidan da yara? Ya Gimbiyata, tana cin abinci ko har yanzu sai an yi ta lallashi? Ni dai ina nan lafiya, sai godiya.

Na san za ki ce Injiniya yana da waya a aljihu ya tsaya rubuta takarda kamar mutanen da. To, in na kira ki sai in ji hayaniyarku, ana dariya, ana wanke kwanuka, in na kashe wayar kuma gidan nan ya ƙara yi mini faɗi. Shi ya sa.

Aiki ya yi mini yawa a shago, kuma haka nake so. Wata makaranta ta kawo kwamfutoci arba'in a sabunta musu. Kowace sai na ɗora mata sabuwar babbar manhaja, sannan in raba faifan ajiyarta gida biyu: C na injin, D na kayan mai ita, kamar ɗaki da sito. Shi D ɗin ba ya karɓar komai sai an yi masa fomatin, wato an share shi tas. Danna nan, danna can, ka ce e. Tun ina duba allo har hannuna ya haddace, yana yi ina kallon masu wucewa a titi.

Maganar kwamfutar da Gimbiya ke nema don jarrabawa, na yanke shawara zan ba ta ta mahaifiyarta. Wata goma ke nan tana cikin jakarta a saman durowa, tun ranar da muka dawo daga asibiti babu Malama. Ban iya buɗe ta ba, Yaya. Kin san kuma abin da ke ciki: saƙon da ta ɗauka da muryarta a watanta na ƙarshe, minti ashirin da uku, ta ce a ba yarinya ranar da ta cika sha shida, ta kuma sa na yi alkawarin ba zan saurara ba. Ranar kuwa saura mako biyar. Yana nan a D. Zan sabunta C kawai, in zuba mata darussa, direba ya kawo muku.

Ki gaida kowa. Ki ce wa Gimbiya ta rage jan aji, babanta ya san lambarta.

Ƙaninki,
Injiniya

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Na ga kiranki har sau shida, ban ɗauka ba, ki yafe ni. Ki karanta wannan a inda yarinya ba ta nan.

Na goge saƙon.

Ranar Laraba na kai kwamfutar shago bayan na gama ta talatin da bakwai cikin na makarantar. Na ɗora manhajar lafiya lau, ban taɓa D ba. Da ta tashi sai na buɗe wurin da ake raba faifai, kamar yadda na yi sau talatin da bakwai. Mai shagon ɗinki na kusa da ni ya leƙo yana tambayar ko ina da abin caji. Ina ba shi amsa, hannuna yana aikinsa. Wallahi ban ma ga tambayar da injin ke yi ba, wadda ke cewa ka tabbata? Daƙiƙa uku, an gama, na yi wa D fomatin.

Da a nan na farga, da da sauƙi. Irin wannan sharar ta gaggawa jerin sunaye kawai take gogewa, kayan suna nan kwance muddin ba a zuba wani abu a kansu ba. Kullum abin da nake gaya wa masu kawo mini aiki ke nan: in ka yi kuskure, cire hannunka, kashe injin. Ni kuwa gwani, sai na ɗauko darussan bidiyo na lissafi da kimiyya, na juye su kaf a D, har ina jin daɗi wai na yi wa 'yata tanadi. Sai da na zo neman jakar fayilolin da Malama ta sa wa suna "Na Gimbiya" don in matsar da ita gaba, na ga babu ita, babu hotuna, babu komai sai darussana.

Za ki tambaye ni ina kwafin. Babu. Shekara goma sha tara ina yi wa mutane faɗa a kan su riƙa ajiye kwafi, akwai ma takardar da na manna a bango da jan biro. Nata kuwa ban kwafa ba, don kwafa yana nufin in buɗe, ni kuma na kasa.

Na rufe shago da rana tsaka, na dawo gida, na zauna a kujerar da Malama take gyara littattafan 'yan ajinta. Ba wanda zan gaya wa. Mutum ɗaya ce za ta zage ni yadda ya kamata, ta ce kai dai hannunka ya fi kanka sauri, sannan ta kawo mini ruwa.

Yanzu na cire faifan, na haɗa shi da injina, manhajar tono abin da aka goge tana bin sa a hankali. Ta ce kwana biyu. In Gimbiya ta tambaya, ki ce ana kan gyara, ba ƙarya ba ne.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an canza miki magani, Allah ya sa a dace. Takardarki ta iso hannun direba, na karanta ta sau uku. Na gode da ba ki yi mini faɗa ba, ko da yake da kin yi da na fi samun sauƙi.

Kin ce in gaya wa yarinya faifan ne ya mutu da kansa, tunda tsoho ne, kowa zai yarda. Gaskiya ne, kowa zai yarda, bakin mai gyara ai ba a musa masa. Na yi kwana biyu ina juya maganar, har na tsara yadda zan faɗe ta. Ban ji haushinki ba, na san tausayina kika ji.

Ga abin da tonon ya fito da shi. Fayil dubu goma sha ɗaya da 'yan kai, babu suna ko ɗaya, sai lambobi. Hotuna da yawa sun dawo rabi, sama fuska, ƙasa toka. Akwai na ranar sunan Gimbiya, Malama ta fito daga goshi zuwa hanci kawai. Na sauti kuwa ɗari uku da sittin ne, kuma ba yadda za a san na ciki sai an kunna. Haka na zauna a shago, ƙofa a rufe, abin ji a kunne, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu 'yan ajinta ne suna rera biyu sau biyu, ita tana buga tebur da rula. Kai, Yaya, ashe har faɗanta na yi kewa.

Na ɗari biyu da sha huɗu shi ne. Na karya alkawari, na saurara, ba ni da wata hanya. Daƙiƙa arba'in da ɗaya suka tsira. Tana gyara murya. Tana tambayar kanta ko abin nan yana ɗauka ma kuwa, ta yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. Ana jin ta sha ruwa, ta ajiye kofi. Sannan ta kira sunan yarinya na gaskiya, cikakke, yadda take yi in magana mai muhimmanci ce, ta ce ta nemi wuri ta zauna sosai, don abin da za ta gaya mata yana da tsawo. Daga nan sai ƙara, shuuu, har ƙarshe. Na bi ragowar faifan da manhaja uku daban-daban. Darussana suna zaune daram a kan sauran.

Ba zan ce faifan ne ya mutu ba. Uwarta ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta yi mata magana, ni na goge, ba zan kuma ɗora ƙarya a kan wurin ba. In za ta tsane ni, ta tsane ni a kan gaskiya. Tsoro nake ji, Yaya, ita kaɗai ta rage mini.

Na kwafi daƙiƙa arba'in da ɗayan a wuri huɗu, yanzu da ba shi da amfani na iya. Ba zan ba direba ba, ba kuma zan jira ranar cikarta sha shida ba, ni zan kawo da kaina ranar Asabar, motar farko. Kada ki gaya mata komai. Ki dai ba mu ɗakin baya, ki kwashe yara ku fita tsakar gida. Zan kunna mata, uwarta za ta ce ta zauna, za ta zauna. In ƙarar ta fara za ta juyo ta dube ni, ni kuma ban san ko kalma ɗaya daga abin da aka so gaya mata ba.

Ki tsaya kusa da ƙofa, don Allah.

Naki,
Injiniya