Ranar da Inno Ta Kira Ɗan Farinta

Gwandu, Litinin

Maigidana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya aiki a Kalgo? Inno tana nan da sauƙi, sai mantuwar da ka sani.

Wasu masu binciken gigin tsufa sun zo. Likita Mufida ta ɗebi jinin Inno, ta ce akwai wani sinadari a jini mai suna inzayim, suna duba ko yanayin aikinsa zai nuna ciwon tun da wuri. Ta ce gwaji ne, ba a tabbatar ba tukuna, kuma ba magani ba ne.

Ta yi mata tambayoyi, har da sunan ɗanta na fari. Inno ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Na hango likita tana rubuta wai ta manta, sai na raɗa mata cewa kunyar ɗan fari ce, tunda ta haife ka ba ta taɓa faɗin sunanka ba. Likita ta yi dariya ta soke abin da ta rubuta. Ka san a littattafan da nake karantawa mai mantuwa yakan farka a shafin ƙarshe ya tuna kowa. Na sa rai haka za a yi mana, tunda kunyarta tana nan.

Wata biyu ba ka zo ba. Na san tsoron kada ta kasa gane ka ne.

Taka har kullum,
Halima Sadiya

Gwandu, Laraba ta sama

Maigidana,

Ina gaishe ka, da fatan ka tashi lafiya. Sakamakon jinin bai fito ba, amma na daina jiransa.

Jiya da hantsi ina tankaɗe, Inno ta tsaya tsakar gida ta ƙwala kiran sunanka sau uku, wai fura tana jiranka. Rariya ta suɓuce mini. Na gane ciwon ya kai inda kunya ba ta iya tsare shi, na shiga ɗaki na yi kuka. Amma wallahi ban taɓa jin sunan nan da daɗi haka ba, ni da ban iya faɗinsa ko a takarda.

Ka shigo motar Juma'a. Shekara talatin da huɗu ba ka ji shi daga bakinta ba, kuma ban san kwana nawa za ta riƙe shi ba. Na ajiye furar, zan dama sabuwa.

Matarka mai jiranka,
Halima Sadiya