Rabi Ta Ci Jarrabawa, Na Hana Ta Faɗa

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ka yi haƙuri na katse maka hidima. Ya jikinka, ya Binta da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Makarfi sai godiya, an fara saran rake.

Sakamakon jarrabawar 'yarka Rabi ya fito, ta ci duka. Malamarsu ta biyo ta har gida tana ta nanata wata magana da Turanci. Na ji nauyi, amma na daure na tambaya. Ta ce haka Turawa ke cewa in mutum ya yi nasara ba tangarɗa, wai ya dawo tutocinsa na kaɗawa. Asalinta jirgin ruwa ne, in ya ci yaƙi sai ya taho gida tutoci a sama, masu jira a gaɓa su gane tun daga nesa.

Yaya, na yi ta tunanin iyaye matan da ke tsaye a bakin ruwan nan. Mu kuwa ka san tarbiyyar Inna, alheri ɓoye shi ake yi, saboda baki da tsoron riya. Shi ya sa na hana Rabi gaya wa kowa, har ƙawayenta. Ba ta musa ba, amma ta yi sanyi ƙwarai.

Kai ne madadin mahaifinta, Allah ya jiƙansa. In na bar ta ta faɗa, na yi laifi?

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen gida. Don Allah ka amsa da wuri, yarinyar na jira.

Ƙanwarka,
Hajara