Ranar da Kyaftin Ya Tambaye Ni

Hindawiyya, Makka

Zuwa ga Yaya Batulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da su Kausar. Ya ƙafar Inna? Rubutu na yi na ba masu dawowa daga Umra, don in na kira waya duk gida ake ji. Ki yi haƙuri da hannuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Yaya, ba tuƙi nake yi ba. Kawu Ma'aruf abokin marigayi Baba, da ya kawo ni, direba ya ce ana nema. Amma tun da na sauka siminti nake kwaɓawa a kamfanin da yake shugaban leburori. Ciwon ƙirjina ya dawo, har fito nake yi in ina numfashi. Umaru, wani ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, ya samo min tuƙin bas a Kudai, sun gwada ni sun ce na iya. Sai kafil ɗina, wato mai kamfanin, ya ƙi sakina. Masu bas kuwa sun ce kafin azumi za su ɗauki wani.

Umaru ya raka ni ofishin sulhun ma'aikata. Mai sulhun sunansa Kyaftin Talal. Wai kakanninsa Hausawa ne, a ƙasa suka zo Hajji suka zauna a unguwar Tandabawi. Ya daɗe yana tuƙa jirgin sama, ya sha kwaso alhazai daga Kano. Da idonsa ya yi rauni ya koma koyar da matuƙa, yana kuma shiga tsakani in ma'aikatan jirgi sun saɓa da manyansu, sai hukuma ta ɗauko shi. Ni dai ban gane me ya haɗa jirgi da rigimar leburori ba. Amma ya gaishe ni da 'yar Hausarsa mai gargada, har ya tambaye ni ko kilishi na nan yadda ya bar shi. Na ce a raina ai shi ma direba ne, zai gane.

An sa mana ranar zama. Ki taya ni addu'a, kar ki faɗa wa Inna tukuna.

Ƙaninki,
Abdulwasi'u

Hindawiyya, Makka

Yaya Batulu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya yara, ya jikin Inna? Ni dai alhamdu lillahi.

An yi zaman. Na ɗauka wani Balarabe zan tarar daga kamfani, ina shiga sai ga Kawu Ma'aruf a kujera. Shi suka turo. Ban san lokacin da na durƙusa na gaishe shi ba.

Kawu ya ce ni ɗansa ne, yarinta ce kawai, aikin bai fi ƙarfina ba, kuma tarin nan sanyin ɗaki ne. Kyaftin ya maimaita maganar daki-daki, wai haka suke yi a jirgi don kar a yi kuskuren ji. Sannan ya juyo ya ce haka ne ko ba haka ba ne.

Yaya, mutumin da ya yi wa Baba wanka? In dube shi in ce ƙarya yake? Na sunkuyar da kai na ce ba komai.

Kyaftin ya ajiye biro. Ya ce a jirgi in ƙaramin matuƙi ya ga kuskuren babba ya yi shiru don ladabi, duka za su mutu, har fasinja. Ya ce in ɗago in yi magana, ba wanda zai taɓa ni. Ni kuwa jira nake ya ce Kawu ya ɗan fita. Da a gida ne duk dattijon da ya ji ba komai ɗin nan ya san akwai komai. Shi Kyaftin ya ci kilishinmu, ya iya sannu da aiki, amma wannan bai iya ba. Da ya sake tambaya na ce duk yadda Kawu ya ce. Aka ce an sulhunta, na sa hannu.

Da muka iso gida Umaru ya ce da akuya ya raka da ta yi ko mee. Bas ɗin an ba wani.

Jiya Inna ta kira ni tana kukan daɗi. Kawu ya gaya mata yadda na rufa masa asiri a gaban hukuma. Ta ce na haifu, Baba bai yi asarar tarbiyya ba. Na riƙe tarin a ƙirji har ta gama sa min albarka.

Na rasa da wa zan yi fushi. Kyaftin ya tambaye ni, Allah na gani ya tambaye ni. Ku kuka koya min sunkuyar da kai, kuma na koya da kyau.

In kin samu mai zuwa, ki aiko min da maganin ƙirjin nan da Inna ke haɗawa. Ki ce mata na Umaru ne.

Ki gaida kowa.

Naki,
Abdulwasi'u