Wuƙar da Ka Aiko wa Baba

Nguru,
Jihar Yobe.

Zuwa ga ƙanena Babakura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rahima da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa sanyin Ingila bai takura muku ba. Mu nan sai godiya. Ga koyarwa a makaranta, ga zirga-zirgar Gashuwa wurin Baba duk Asabar. Wallahi bayana ya gaji da motar hanyar nan.

Saƙonka ya iso ta hannun Ismail. Baba ya sa na buɗe kwalin a gabansa, na karanta masa takardar da ke ciki. Wuƙaƙe shida ne, Turawa duk sun kira su naif: ta burodi, ta kifi, ta feraye 'ya'yan itace, har da wata dakusasshiya ta shafa man shanu. Ya yi dariya har da tari, ya ce mutanen da suka ware wa man shanu wuƙarsa lallai ba su da aikin yi. Sai ya zaro babbar, ya gwada kaifinta a gashin hannunsa, ya yi ta sa maka albarka.

Na san abin da ya faɗa maka a waya, wai tsohuwar wuƙarsa ce ta dakushe. Babakura, wuƙar nan lafiyarta ƙalau. Hannunsa ne ke rawa, tun bara. A watan jiya, ranar sunan jikan maƙwabcinsa Abbo, aka kira Baba yankan rago kamar yadda aka saba shekara arba'in. Ragon ya fizge da rabin yanka, ya yi ta zagaya tsakar gida, jini har bango, sai da wani mahauci ya ƙarasa shi. Kowa ya kau da kai, saboda girmansa. Amma tun ranar, mutanen unguwa ta bayan layi suke bi da kajinsu zuwa wurin wani malami, don kada ya gan su. Shi kuwa yana dakali yana wasa wuƙa, har yana ce mini tsadar rayuwa ce ta hana jama'a cin kaza.

Sau biyu na gwada yi masa magana. Ya ce yaushe mace ta san yanka. Gaskiyarsa, da ni namiji ce da ban dame ka da wasiƙa ba. Yanzu ga shi kowa ya zo wucewa sai ya nuna masa wuƙar da ɗansa ya aiko daga Turai, yana cewa layyar bana shi zai yanka wa layin duka. Saura mako biyar. Tsoro nake ji ya yanke kansa, ko ya kunyata a bainar jama'a, a ƙi cin naman. Na ɗauki wuƙar zan ɓoye, na kasa, na mayar. Na gaji, Babakura.

Don Allah kada ka ƙara aiko komai. Kai nake so ka zo. Ka durƙusa ka roƙe shi ya koya maka yanka, tunda ka yi furfura ko kaza ba ka taɓa yankawa ba. Ba zai ƙi ba, ya daɗe yana jiran ka tambaya. Kai ka riƙe wuƙar, shi ya ɗora hannunsa a kan naka ya yi bisimilla, kowa ya ce Baba ne ya yanka.

Maigidana Muktar yana gaishe ka, haka Ummu Salma da Gwaggo Zara. Ka gaishe mini da Rahima, ka shafa mini kan yara. Baba ma ya ce lallai in gaishe ka, in faɗa maka wuƙar ta yi, har yana jin hannunsa ya dawo kamar da. To, na faɗa maka.

Yayarka mai jiran ganinka,
Fanne